A duba jinin dawakinmu kafin hawan Sallah

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina rubuto maka daga Damagaram kan maganar dawaki. Kowace shekara gwamnati na yi wa shanu da tumaki da awaki allurar rigakafi kyauta, mun gode, to amma doki fa? Garin da in aka yi hawan Sallah a fadar Sarkin Damagaram mutane ke tururuwa cikin Birni don kallon doki, ga sukuwa ga amalanken da talaka ke ci da ita.

Akwai wata cuta mai shanye jinin doki da jaki da alfadari, tun 1843 aka gano ta a Faransa. Ba ta kama mutum. Bobuwa ke ɗaukar ta daga wannan doki zuwa wancan, sai kuma allura ɗaya da ake tsira wa dabbobi barkatai, kuma wannan na gani da idona wallahi, wani mai sayar da magani ya zo gidan kawuna ya yi wa dawaki uku allura da sirinji guda ko wankewa bai yi ba. Doki sai ya yi ta zazzaɓi yana ramewa, ƙasan cikinsa da ƙafafu su kumbura, wani kuma garau za ka gan shi yana cin harawa alhali yana ɗauke da ita har ya mutu. Ba ta da magani, shi ya sa a Amurka gwajin jini suka riƙe, wanda wani likitan dabbobi Coggins ya fito da shi a 1970, jihohi da yawa can ba ka kai doki gasa sai da takardar gwaji, wanda aka samu da ita kuma a killace shi nesa da saura kamar mita 200.

Mu ma muna da LABOCEL, ɗakin gwaje-gwajen cututtukan dabbobi na ƙasa. Ya kamata ma'aikatar kiwo ta turo likitoci su ɗebi jini kafin hawa da sukuwa, da kuma dawakin da ke shigowa ta iyakar Magarya da Matamaye. Amma don Allah a haɗa da diyya. Wanda ya zuba dukiyarsa ya sayi ingarma in ka ce ya ware shi ba ko dala, da dare zai kai shi wata kasuwa ya sayar, cutar ta bi shi can.

Wani mai kiwon doki, unguwar Birni, Zinder