Kada a kashe mai binciken bairos don ya yi ƙorafi

Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon fili in yi magana da 'yan uwana masu kula da sabar imel a Garwa da Marwa da Ngaundare. Wata ɗabi'a tana ci mini tuwo a ƙwarya: da ClamAV, manhajar binciken bairos, ya fara kawo kuskure, wasiƙu suka taru a layin Postfix (manhajar da ke karɓa da tura imel), maigida ya fara buga waya, sai a cire binciken gaba ɗaya don aiki ya tafi. Daga ranar, duk fayil ɗin da ɗan damfara ya maƙala wa wasiƙa zai isa kwamfutar akanta ba mai tare shi. Alhali Postfix yana riƙe wasiƙar da ta maƙale har kwana 5, to gaggawar me ake yi?

Manhajar ClamAV kuwa tana faɗin inda ke mata ciwo. Idan clamscan, umarninta na binciken fayil, ya gama, lamba yake mayarwa: 0 babu komai, 1 an sami bairos, 2 shi kansa ya gamu da matsala. A wani ofis nan Garwa na tarar an saita duk abin da ba 0 ba ya zama bairos, takardun kuɗi na ƙwarai ake ta zubarwa, masu kaya suna cewa sun aiko, akanta yana rantsuwa bai gani ba.

Abin da ya fi kama mu shi ne ƙarancin RAM. Clamd, ɓangaren ClamAV da ke aiki kullum a saba, yana ɗora sa hannun bairos (alamomin da ake gane bairos da su) sama da giga 1 a RAM, kuma lokacin sabuntawa yakan riƙe tsoho da sabo tare. A sabar giga 2, Linux sai ya kashe shi, clamdscan, mai miƙa masa fayiloli, ya riƙa cewa "Could not connect to clamd". Ka duba dmesg, mai nuna rahoton Linux, za ka ga "Out of memory". Ka sa ConcurrentDatabaseReload no a clamd.conf don ya daina riƙe biyun tare, ka ƙara swap, wato wuri a faifai da ke tallafa wa RAM. Masu manhajar da kansu giga 3 suke ba da shawara, kuma a ganina kuɗin RAM bai kai asarar rana guda ba.

Idan "Permission denied" ne, asusun clamav, wanda clamd ke aiki da shi, shi ne ba shi da izinin karanta fayil. A sa shi cikin rukunin amavis, manhajar da ke miƙa wasiƙu a bincika, ko a yi amfani da --fdpass a clamdscan. Don Allah a bar chmod 777, wato buɗe wa kowa fayil.

Ɗauke wuta ma yakan lalata daily.cld, fayil ɗin sa hannun bairos, a ga "Malformed database". A goge shi daga /var/lib/clamav, a sake kunna freshclam, mai sauko da sabon sa hannu, ban da sauko da shi da wget, don ana toshe masu yin haka.

Bayan gyara, kowa ya aika wa kansa fayil ɗin gwaji na EICAR, mai haruffa 68, wanda mai bincike ke kamawa kamar bairos amma ba ya cutar da komai. Idan ya iso akwatinka lafiya, to binciken bai tashi ba tukuna.

Naka,
Mai gyaran kwamfuta, Garwa, Kamaru