Wasiƙa daga Kano: ashe haka Fanisau ta samo asali

Assalamu alaikum mutumina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ya iyali, ya zaman baƙunta? Shirunka ya yi yawa, har Inna ta fara tambayata ko ka manta hanyar gida ne.

Ka tuna musunku da Kawu a kan dalilin da ya sa Sarki yake hawan Fanisau bayan Babbar Sallah? Ka kafe a kan shan iska ne kawai. To, ka sha ƙasa! Kwanan baya na je ta'aziyya can, wani dattijo ya zaunar da ni a kan tabarma ƙofar masallaci ya warware mini zare da abawa. Sarki Ibrahim Dabo da ya hau gadon sarauta a 1819 bai iske ƙasar Kano a kwance ba. Ɗan Tunku, wanda ya kafa sarautar Kazaure, ya ƙi bin sa, ya dami arewacin Kano da hare-hare. Shi ne Dabo ya mayar da Fanisau ribaɗi, ya gina gida a can, ya zuba mayaƙa, don mai nufin birni ta wannan ɓangare ya fara karo da su. Ko Baturen nan Kilafaton da ya zo a 1824, can aka kai shi ya gai da Sarki.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne gandaye. Mayaƙi sai da tuwo, doki sai da dawa, kuma bayi ne suka yi wannan noma, rani da damina suna cikin aikin Sarki. Mu da muke zuwa kallon dawakai da algaita, wa ya taɓa gaya mana wannan? Wallahi abin ya dame ni. Yanzu gonakin sai yanka su ake yi filaye, ko'ina bulo da dillalai, jirgin sama na ta wucewa ta kanka, tsofaffin da suka san labarin kuwa suna ta ƙarewa. Kai da kakarka 'yar can ce, in ka zo lallai mu koma da waya mu naɗi muryarsu.

Af, an sa ranar Auta, bayan azumi. Kawu ya ce hula da shadda a wuyanka suke, kar ka zo mana da labarin canji ya tashi.

A gai da Madam da yara.

Naka,
abokinka na Ƙofar Mata