Godiya ga ma'aikatan jirgin da ya sauke mu Kano lafiya

Assalamu alaikum. Wannan godiya ce ga kamfanin jirgin da ya ɗauko ni da mahaifiyata daga Legas ranar Alhamis da yamma, musamman matuƙin da wata ma'aikaciya da ruɗu ya hana ni tambayar sunanta.

Har mun hango fitilun Kano, kowa ya ɗaura bel, sai injin ya ɗauki ƙara, jirgi ya sake yin sama. Nan fa salati ya kaure. Hajiya ta damƙe hannuna har farcenta ya yi mini shaida. Ban ga laifinta ba. Tana budurwa jirgin alhazai ya yi hatsari wajen sauka a wannan filin jirgi na Kano a Janairun 1973, mutum 176 suka rasu, ga kuma na Gwammaja a 2002.

Matuƙin bai ɓoye mana komai ba. Ya ce faifan bayan fiffike, wanda ke zazzagowa domin jirgi ya iya sauka da ƙaramin gudu, ya maƙale. Za a sauka, amma da gudun da ya fi na kullum, don haka zai ɗan zagaya su kammala lissafi da masu kula da zirga-zirgar jirage da ke hasumiya. Da Turanci ya yi bayanin, Hajiya ba ta tsinci komai ba. Sai yarinyar nan ta zo ta durƙusa a gefenta.

"Mama, ki kwantar da hankalinki. Za ki ga motocin kwana-kwana a bakin titi, ba wuta ba ce. Birki ne zai yi zafi, shi suke jira."

"Allah ya yi miki albarka, 'yar nan."

Yadda ta faɗa haka aka yi. Tayoyi suka daki ƙasa, muka yi ta gudu kamar ba za a tsaya ba, ga jajayen motocin suna biye da mu. Hajiya ko gezau, carbinta kawai take ja.

Abin da ya ba ni mamaki shi ne a ce an ɗauke mu mutane, an yi mana bayani. Wani kamfanin, da ba sai na kama suna ba, ya taɓa shanya mu awa shida a Abuja, ko ruwa babu, balle haƙuri. Ka tambayi na kan kanta, ya dube ka kamar bashi ka zo ci. Da su ne ranar Alhamis, na tabbata sai dai mu ji labarin abin da ya same mu a rediyo.