A bar tohon dajin Riruwai ya girma

Assalamu alaikum Edita,

Don Allah a ba ni ɗan fili. Asabar ɗin da ta wuce ni da ƙannena biyu da wani kawunmu muka yi sammako bayan asuba muka hau duwatsun bayan Riruwai nan ƙaramar hukumar Doguwa, da gorar ruwa da ƙuli da ɗan dabino, ba mu sauko ba sai da la'asar ta yi sanyi.

Hanyar da muka bi tsohuwar hanyar motocin katako ce, har yanzu sawun taya na nan ya zama kwazazzabo, ruwan damina ya cinye shi wani wajen har ƙugu. Kawu shi ya san dajin, yana tafe yana nuna mana kututture da sandarsa, wannan maɗaci ne wannan maje wannan maɗobiya, akwai wani kututturen maɗaci da mu uku muka zauna a kai muka ci guzuri kuma wallahi da sauran wuri. Ya ce yana yaro in ka shigo nan da rana tsaka sai ka ji sanyi kamar da hunturu.

Amma abin da ya sa na ɗauki waya nake rubutun nan toho ne. Doka in an sare ta ba ta mutuwa, sai ta fito da 'ya'ya biyar shida daga gindi, mun ga irinsu da yawa sun wuce tsayin mutum, wato dajin na ƙoƙarin dawowa da kansa ba wanda ya dasa ba wanda ya yi ban ruwa. To gaba kaɗan sai ga ramukan masu gawayi har huɗu, ɗaya na hayaƙi, sun gama da ƙirya sun koma kan marke da ƙananan nan da ba su fi kaurin cinya ba. Raina ya ɓaci sosai. Na san talauci ne kuma gas ya yi tsada, ban ce a ɗaure kowa ba.

Mutanen Kura da Kadawa masu noman rani da ruwan dam ɗin Tiga su ma abin ya shafe su, Kogin Kano ta dajin Falgore yake bi ya zuba a dam ɗin Tiga, ƙasar da ruwa ke kwashewa daga tudun nan can za ta je ta kwanta.

Roƙona ga gwamnatin jiha da hakimai da dagatai, a ɗauki samarin ƙauyukan nan aikin gadin daji da albashi ko kaɗan ne, su ne suka san kowace hanya, a kuma hana cinna wuta da kaka don farautar gafiya saboda ita ke ƙone tohon tun bai yi ƙwari ba. Ni a shirye nake in raka duk jami'in da zai zo ya gani da idonsa.

Naku,
wani mai karatu daga Doguwa