Zuwa ga abokan cinikinmu, kan maganar wayoyin gem da suka ba ku matsala

Assalamu alaikum.

Mun daɗe muna jan ƙafa wajen rubuta wannan takarda, muna zaton maganar za ta lafa da kanta. Ba ta lafa ba. A 'yan makonnin nan mutane da dama sun dawo mana da wayar SCART, wato wadda ke haɗa injin gem da talabijin, ta Super Nintendo. Wasu kuma ba su dawo ba, sai dai mu tsinci labari a bakin wani cewa kayanmu sun lalace. Wannan ɗin ya fi mana ciwo.

Ga yadda abin ya faru. Mai kawo mana kaya, wanda muka yi shekara da shekaru tare ko sau ɗaya ba a ji kanmu ba, ya canza inda ake haɗa masa wayoyi bai faɗa mana ba. Kwalin bai canza ba, kan wayar ma haka. Sai an buɗe ciki ake ganin inda gizo ke saƙa. Super Nintendo ta Turai, wato PAL, wadda ta fito a 1992, tana buƙatar rezisto mai ohm 75 a kan kowane layin launi na ja da kore da shuɗi, wato RGB. Ta Amurka kuwa, da Super Famicom, wato irinta ta Japan, kafasito mai mikrofarad 220 suke so a wurin. Ramin da ke bayan injinan iri ɗaya ne, duk wayar da ka tura za ta shige. Shi kuma ya aiko mana da ta Amurka an manna mata takardar PAL. Shi ya sa za ka kunna gem hoto ya fito garau, kafin ka gyara zama ya dushe ya koma duhu. Talabijin ɗinku lafiyarsa ƙalau, injin ma bai tsufa ba.

Wani zai ce me ya hana ku gwadawa kafin ku sayar? Wallahi mun gwada. Injin da ke kan teburin gwajinmu a lokacin Super Famicom ne, wayar kuma ta dace da shi, ta yi aiki tsaf. Wa zai kawo a ransa cewa takardar da ke jikin kaya ƙarya take yi? A kwalin wayoyin injin Mega Drive ma mun tarar da wani ha'incin: an rage lulluɓin ƙarfen da ke raba layin sauti da na hoto. In allo ya yi fari sai ka ji ƙugi na tashi daga lasifika. Wannan ma ba a gani daga waje, sai an feɗe roba.

Abin da muke roƙo, kada fushi ya kai ku ga ɗan akwatin nan mai arha da ke mai da wayar hoto mai kai ruwan ɗorawa zuwa HDMI ta talabijin na zamani. Waɗannan injinan suna fitar da hoto ne a tsarin 240p, yawancin akwatunan kuma suna ɗaukarsa a matsayin wani tsari daban, wato 480i, su jagula shi, su ƙara jinkiri. Ka danna tsalle, kafin ɗan wasan ya ɗaga ya riga ya faɗa rami. Wanda ke da tsohon talabijin mai ƙeya, gara ya ci gaba da wayar ruwan ɗorawa a kansa har mu daidaita. Hotonta bai kai na RGB ba, tunda ta cusa haske da launi a layi ɗaya, amma ba ta jinkiri.

Mu dai kun san halinmu. Sau nawa mutum ya zo da kuɗi a hannu yana neman wayar RGB ta Nintendo 64, muka ce masa injin ba ya fitar da RGB sai an yi masa aiki a ciki, ya tafi da kuɗinsa? Haka mai PlayStation ta farko da ya nace sai waya mai kai biyar irin ta PlayStation 2, muka nuna masa injinsa bai san wannan tsarin ba. Da neman kuɗi ido rufe muke yi, da mun sayar musu. Shi ya sa da muka ji ana cewa mun koma sayar da jabu, abin ya tsaya mana a rai.

Muna kan magana da mai kawo kayan, muna kuma duba wasu hanyoyin. Za mu tsaurara gwaji. In Allah ya yarda komai zai koma daidai nan ba da jimawa ba, kuma duk wanda abin ya shafa ba za mu bar shi ya yi asara ba.

Alhaji, kai da ka fara zuwa wurinmu da Mega Drive a cikin jakar leda tun ba mu da ko kanta, yau kuma jikokinka ke wasa da ita, mun gode da ka kira mu kai tsaye ba ka kai mu gaba ba. Hajiya mai injinan marigayi maigidanta, da ta ce ba za ta saya a ko'ina ba sai wurinmu, Allah ya saka da alheri. Haka samarin nan da suka girma a gaban teburinmu, yanzu suna kawo ƙannensu.

Mai dawo da waya, don Allah ya juya injinsa ya duba lambar da ke ƙasa kafin ya zo. SNSP-001A ta Turai ce, SNS-001 ta Amurka, SHVC-001 ta Japan. In da hali ma ya taho da injin, mu gwada a gabansa.

Ku yi mana haƙuri.

Naku a kullum,
Mai shago da yaransa