Wasiƙa ga 'yata kan awon sinadarin kumfa a ruwa

Assalamu alaikum Uwata,

Bayan gaisuwa, ina fata kina lafiya, ya karatu? Na ga hoton na'urar da kika haɗa don auna sinadarin kumfa na omo a cikin ruwa. Allah ya sa albarka. Sai dai duk murnar taki a kan ruwan da aka tace a ɗakin gwaji take, shi ya sa na ce bari in ja miki kunne.

Elektrod (wato sandar awon da ake tsomawa a ruwa) mai fatar robar PVC irin taki, idan lafiyarta ƙalau, duk sanda yawan SDS, wato sinadarin kumfar da kike aunawa, ya ninka sau 10, wutar da take bayarwa za ta sauya da kusan milibolt 59 a zafin digiri 25 na ma'aunin Selsiyos. Idan bazara ta kai ruwan digiri 40, lissafin ya koma kusan 62. Don haka kada ki rubuta awo ba tare da zafin ruwan a gefensa ba. Kuma da SDS ya kai wajen milimol 8 a lita, ƙwayoyinsa sukan dunƙule su yi curi, na'urar kuwa waɗanda ke warwatse kaɗai take ji. Layin jadawalin awonki zai kwanta, ki zaci na'urar ta mutu. Tsarma samfurin kawai.

Ruwan Jakara ko na Challawa wani abu ne daban. Akwai gishirin majema, akwai maiƙo, akwai dattin wankin mota. Gishiri kan sa curin ya fara tun kafin milimol 8, maiƙo kuma ya liƙe wa fatar har ta yi nauyin amsawa. Ki riƙa zuba sanannen adadi na SDS cikin ruwan kogin da kansa, ki ga ko na'urar ta dawo miki da shi cif.

Tsohuwar hanyar awo da rinin shuɗin metilin, wadda ake karanta launinta da haske mai nanomita 652, kada ki raina ta. Tana da wahala, amma da ita masu jarrabawa za su gwada sakamakonki, musamman a kusa da miligiram 0.5 a lita da Amurka ta sa wa ruwan sha. Sinadarin kuloroform da ake tatso shuɗin da shi a wannan hanya yana taɓa hanta, ki yi aikin a ƙarƙashin mazuƙar hayaƙi, ko da layi ya yi tsawo.

Mamanki na gaishe ki, ta ce ki daina kwana a ɗakin gwaji. Zan aiko kuɗin kwalaben samfur ranar Juma'a in sha Allah.

Mahaifinki