Rufe Masana'antu da Siyasar "Namu Ne"

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu domin in tofa albarkacin bakina game da halin da dimokuraɗiyya ta shiga a Turai da Amurka, inda masu sharhi da dama ke ɗora laifin duka a kan siyasar launin fata da addini da ƙyamar baƙi. A ganina sun kama reshe sun bar tushe.

Bayan da ƙasar Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a ƙarshen 2001, kaya sun yi araha a kasuwannin Amurka, masu hannun jari da mazauna manyan birane kuma sun ci riba, amma ma'aikatan masana'antu, waɗanda yawansu ya kai kimanin miliyan 17 a 2000, sun ragu zuwa ƙasa da miliyan 12 a 2010. Jihohin da suka ba Donald Trump nasara a 2016, wato Michigan da Wisconsin da Pennsylvania, suna cikin yankin da wannan asara ta fi taɓawa, kuma ratar da ya bayar a cikinsu duka uku ba ta kai ƙuri'a 80,000 ba. A watan Yuni na shekarar, kusan kashi 52 cikin ɗari na masu zaɓe a Birtaniya suka amince a fice daga Tarayyar Turai, a Sunderland kuwa, garin da ya yi suna wajen ƙera jiragen ruwa kafin a rufe wuraren ƙirar, abin ya haura kashi 60. Shekara da shekaru manyan jam'iyyun ƙasashen biyu bakinsu ɗaya kan buɗe kasuwa, saboda haka wanda ya rasa aikinsa bai ga inda zai kai kuka ba, sai wurin ɗan siyasar da ya nuna masa baƙo ya ce ga mai laifi.

Ba kowace fafutuka da sunan jinsi ce ke cutar da dimokuraɗiyya ba. Baƙaƙen fatar Amurka da suka yi gwagwarmaya har aka kafa dokar 'yancin zaɓe ta 1965, neman a dama da su suka yi. Haɗarin yana ga shugaban da ya ci zaɓe ya ce shi da magoya bayansa kaɗai ne 'yan ƙasa na gaskiya. Haka aka gani a Hangari, inda Viktor Orban ya sami kashi biyu bisa uku na kujerun majalisa a 2010, ya kawo sabon kundin tsarin mulki, ya rage ikon kotun tsarin mulki, aka kuma saukar da shekarun ritayar alƙalai daga 70 zuwa 62 domin a sami gurbin naɗa wasu. Ba a daina zaɓe ba, amma an raunana duk wata kafa da wanda ya faɗi zaɓe zai dogara da ita.

Ranka ya daɗe, mu ma wannan labari bai tsallake mu ba. A masaƙun Kakuri da ke Kaduna, Musulmi da Kirista sun yi aiki tare, suna cikin ƙungiyar ƙwadago ɗaya, suna yajin aiki tare idan albashi ya makale. Rashin wutar lantarki da fasa-ƙwaurin atamfa mai araha sun durƙusar da masaƙun ɗaya bayan ɗaya, kuma tun daga rikicin addini na 2000 jama'ar garin suka fara rarrabuwa, kogi ya zama kamar iyaka. Ban ce rufe masaƙu ne ya haddasa rikicin ba, amma ya kawar da wurin da mutane ke haɗuwa a kan buƙata guda. Da zaɓen 2023 ya zo, an fi ɓata lokaci kan addinin ɗan takara da shiyyarsa fiye da abin da zai yi wa masana'antu.

Don haka nake roƙon ku tura wakilanku Kakuri da kuma unguwannin masana'antu na Sharaɗa da Bompai da ke Kano su ji ta bakin tsofaffin ma'aikata, sannan duk ɗan takarar da ya zo hira ku tambaye shi shirinsa kan wutar lantarki, da kuma ko zai bi hukuncin kotu idan bai yi masa daɗi ba.

Wassalam.

Mai karatunku,
daga Kaduna